Motoci masu turbo a garejojin Lafiya: Idan ƙarfi ya tsere a tsakiyar hawa

Duk wanda ya saba bin hanyar Lafiya zuwa Abuja ya san cewa da zarar an bar Nasarawa Eggon a baya, aka fuskanci Akwanga, hira kan ragu a cikin mota. A nan ne hawan nan yake da direbobi suka yi wa laƙabi da Many Have Gone, wato "da yawa sun tafi", sunan da shi kaɗai ya isa ya ba da tarihin wurin. An mayar da hanyar tagwaye, an kuma sami sauƙi, amma har gobe tudun ne ke tona asirin kowane inji.

A kansa nawa asirin ya tonu, wata rana da azahar a cikin zafin watan Maris. Motar 'yar Kwatano ce, mai filogi huɗu da turbo, wadda ban daɗe da saye ba. Na fito zan wuce wata tirela mai jan ciki da kaya, na kai daidai tsakiyarta, sai motar ta shaƙe kamar an riƙe mata wuya. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Na take totur har ƙasa, injin ya yi gurnani, gudu bai ƙaru ba. Ga tirela a damana, ga bas a bayana yana zuba mini fitila da ham. Da ƙyar na janye na koma bayan tirelar, muka gama hawan tare da ita a hankali. A Akwanga na kashe motar na sha ruwa, da na sake tayar da ita sai ga ƙarfinta ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Makonnin da suka biyo baya na shafe su ina yawo tsakanin garejojin Lafiya, daga hanyar Jos zuwa hanyar Makurɗi. A wannan yawon na gane cewa ciwon ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma zai ƙaru.

Yadda turbo ya cika kasuwa

Shekaru ashirin da suka wuce, in an ce turbo a Lafiya, ana nufin manyan motocin dizal ne, ko wasu daga cikin Sharon ɗin da ke jigilar fasinja. Mai ƙaramar mota bai da ruwa da shi. Amma kasuwar motocinmu ta dogara ne da abin da Amurka da Turai suka gama hawa, su kuwa dokokin rage hayaƙi da tsimin mai sun tilasta wa kamfanoninsu rage girman inji, su cike giɓin da turbo. Kamfanin Mercedes ya sa wa C300 inji mai filogi huɗu da turbo daga samfurin 2015. Honda ya daina sa inji mai filogi shida a Accord daga samfurin 2018, ya koma lita 1.5 da lita 2.0, duka masu turbo. Land Cruiser da ta fito a 2021, wadda ke cika ayarin manyan mutane, ta bar filogi takwas ta koma shida da turbo biyu. Highlander da Lexus RX350 sun bi sahu a samfurin 2023. Ma'ana, wanda zai sayi tokumbo nan da 'yan shekaru zaɓinsa zai yi ta raguwa, ko yana son turbo ko ba ya so.

Dabarar kanta ta tsufa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista tun 1905. Inji yana samun ƙarfi ne gwargwadon iskar da ya shaƙa, domin mai ba ya ƙonewa sai da iska. Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji ya juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin injin fiye da yadda zai iya zuƙa da kansa. Da yake iska tana zafi in an matse ta, sai a bi da ita ta cikin wani abu mai kama da lagireto a gaban mota, wanda ake kira intakula, ta huce kafin ta shiga. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke sakin rarar hayaƙi idan matsin ya kai iyaka, don kada ya wuce kima. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a cikin hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 900 a injin fetur, kuma ba abin da ke raba ta da ƙarfen da ke kewaye da ita sai ɗan siririn baƙin mai.

Duk wannan yana ƙarƙashin kulawar kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa. Ita ke lissafin iskar da ta nema da wadda ta samu. Idan lissafin bai yi daidai ba, sai ta rage ƙarfin injin da gangan don ta kare shi, ta kunna fitila, ta rubuta dalilin a ajiye. Abin da ya same ni a kan tudu ke nan. Kashewa da tayarwa kuwa yana sa ta sake gwadawa daga farko, shi ya sa ƙarfin ke dawowa, har sai an sake takura injin.

Gareji uku, hukunci uku

Bakanike na farko bai ɓata lokaci ba. Ya buɗe bonet, ya ba da wuta sau biyu, ya kasa kunne, ya ce turbo ya mutu, sai an aiko da wani daga Legas. Kuɗin da ya ambata ya sa na nemi wuri na zauna. Na biyu ya ce indomi ce ta toshe, a cire ta a huta, har ya nuna zai rage mini kuɗin aiki idan na bar masa ita. Na uku, wani mai gyaran waya, ya jona ƙaramar na'ura, ya goge abin da ƙwaƙwalwar ta rubuta ba tare da ya karanta mini ba, fitila ta mutu, ya ce an gama. In kuma ina son motar ta riƙa tashi kamar jirgi, yana da wanda zai sake mata saiti.

Ba na zargin ɗayansu da mugunta. Kowannensu ya faɗi abin da ya taɓa gani ya yi aiki. Yawancin manyan kanikawanmu sun koyi sana'a ne a kan Fijo 504 da tsofaffin Toyota da Datsun, injinan kafireto da ake saitawa da kunne da sukundireba, kuma sun ƙware a kai ƙwarewar da babu mai ja. Sai dai injin turbo ba ya faɗin ciwonsa yana tsaye a gareji. Matsin iska ba ya taruwa sai mota tana jan nauyi, don haka wutar da ake bayarwa a tsaye ba ta nuna komai.

A mafi yawan lokuta turbo ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, shi ne kuma na farko da ake kamawa, domin shi ne baƙo a cikin injin. Bincike na ƙwarai yana farawa ne da karanta abin da ƙwaƙwalwa ta ajiye kafin a goge shi. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari don wannan aiki. Lambar P0299 tana nufin matsin iska bai kai yadda ake so ba, P0234 na nufin ya wuce kima, P0300 kuwa na nufin wuta tana tsallake. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce a sayi sabon turbo. Hanya kawai suke nunawa.

Daga nan sai a bi iska tun daga ƙofar shigarta. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin Doma da Awe da Asakiyo tana cika matatar iska cikin ɗan lokaci, kuma al'adar busa ta da iskar falkanaiza a mayar tana huda takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta riƙa cin bakin farfela. Bayan matata akwai na'urar auna iska, wadda kanikawa ke kira eyafulo. Idan ta yi datti sai ta ba ƙwaƙwalwa lissafin ƙarya. Sai kuma tiyo-tiyon roba da ke ɗaukar matsattsiyar iska zuwa intakula su dawo. Motar da ta yi shekara goma a ƙasar sanyi, ta zo ta haɗu da zafin Lafiya, robarta na saurin tsagewa. Tsaga kamar tsawon farce ta isa ta zubar da ƙarfin mota, kuma ba ta buɗewa sai matsi ya taru. Alamarta ita ce huci idan an taka totur, da yawan shan mai, da baƙin hayaƙi musamman a motar dizal. Ana gano ta ta hanyar toshe bututun a hura masa iska ko hayaƙi, a bi da ruwan sabulu.

Idan iska ta fita daga zargi, a duba filogi da kwayil, domin tartsatsin da ya isa a cikin gari yana iya kasawa a ƙarƙashin matsi. A auna ƙarfin fanfon mai. Sababbin injina da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da fanfo biyu, ɗaya a tanki, ɗaya a jikin inji. A gwada 'yar ƙofar sakin hayaƙi, ko ta maƙale a buɗe. A motocin dizal irin su Hilux da ke shiga ƙauyuka ɗauko doya da riɗi, toka kan daskare a bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, ko ta riƙe fukafukan turbo su kasa motsi, kuma wanki kawai suke buƙata. Sai an gama duk wannan ne za a cire tiyo a taɓa sandar turbo da yatsa. Idan tana girgiza sosai, ko farfela tana gogar bango, ko mota tana zubar da shuɗin hayaƙi tana kuka kamar jiniya, to a nan an kama mai laifi.

Ko a nan ma da saura, domin turbo ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. Wanda ya sa sabo bai wanke ko ya canza bututun da ke kai masa baƙin mai ba, bai zubar da man da ya taru a intakula ba, zai sake biyan kuɗin nan ba da daɗewa ba.

Al'adun da suka zama guba

Akwai abubuwa da muka gada daga zamanin tsofaffin motoci, waɗanda a da ba su cika cutarwa ba. Babbansu shi ne baƙin mai mai kauri. An yi imani cewa ƙasarmu da zafi, don haka sai 20W-50, ko da kuwa kamfani ya rubuta 0W-20 ko 5W-30 ƙuru-ƙuru a kan murfin. Hanyar da mai ke bi zuwa turbo siririya ce. Mai kauri yana jinkirin isa da safe, daidai lokacin da mai mota ke ba da wuta don "inji ya yi ɗumi", sandar na juyawa a bushe. Haka kuma direban da ya sha gudu daga Keffi ya kashe mota nan take yana barin mai a cikin ƙarfe mai tsananin zafi, ya dahu ya zama gawayi. Sababbin turbo suna da ruwan sanyaya da ya rage wannan haɗari, amma minti ɗaya ko biyu na haƙuri kafin a zare makulli ba ya cin komai. Ga kuma jabun mai da ake ɗurawa a galan mai kyau. Masu sayen mai su duba tambarin API SP, ma'aunin da aka fito da shi a 2020, wanda ɗaya daga cikin dalilansa shi ne kare ƙananan injinan turbo daga kamawar wuta kafin lokaci.

Sai cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wanda kusan ya zama wankan tsarki ga kowace tokumbo da ta sauka. Inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara fetur tana zaton har yanzu safiya ce, rarar fetur ɗin ta gangara ta tsinka baƙin mai.

Indomi kuwa, wato saƙar nan mai kama da taliya da ke tace hayaƙi a cikin salansa, gaskiya ne tana toshewa, kuma idan ta toshe turbo ba ya samun numfashi. Amma ana iya auna hakan kafin a yanke hukunci. Ya kamata mai mota ya san cewa a cikinta akwai ma'adanai masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu saye. Shawarar cirewa ba koyaushe take fitowa daga tausayin mai mota ba. Bayan an cire, fitilar gargaɗi kan zauna a kunne, mai mota ya saba da ita, ranar da wani sabon ciwo ya zo babu abin da zai sanar da shi.

Man da muke sha da saitin da ake tallatawa

Injin turbo ya fi kowane inji tsantsami game da fetur. A Turai direba yana zaɓa tsakanin mai lamba 95 da mai lamba 98, lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. A gidajen manmu kala ɗaya ake sayarwa, kuma babu mai tambayar lambarsa. Idan fetur ya fara fashewa kafin lokaci, ana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙwaƙwalwa tana da kunnen jin wannan, sai ta jinkirta wuta ta rage matsi. Sakamakon shi ne mota mai nauyin jiki da rana tsaka a watan Afrilu, wadda kuma ke warwarewa da asuba, ba tare da komai ya lalace ba. Masu motoci ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka yi ta tsayawa. Tun kuma da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa sun koma yawo da tanki kusan a bushe, suna cikawa da galan daga 'yan bumburutu. Fanfon da ke cikin tanki da fetur yake sanyaya jikinsa, kuma dattin yana kwance ne a ƙasa.

A kan wannan yanayin ne ake tallata sabon saiti. A da, saiti na nufin daidaita kafireto da lokacin wuta. Yanzu yana nufin a jona kwamfuta a sauya lissafin ƙwaƙwalwa, a ƙara matsin iska da fetur, a matso da lokacin wuta. Yana aiki, babu musu. Injin turbo ya fi kowane inji karɓar irin wannan ƙari, kuma mai mota zai ji bambanci tun daga fitowarsa gareji. Tambayar ita ce daga ina ƙarin ya fito. Kamfani yana barin rata ne da gangan saboda zafi da mummunan mai da tsufan kayan aiki, wato saboda ƙasa irin tamu. Mai saiti wannan ratar yake cinyewa. Mafi yawan fayilolin da ake saukowa daga intanet an rubuta su ne don fetur mai babbar lamba da yanayi mai sanyi, kuma ba a gwada su a kan motar da ake zuba wa ba. Fistin da ya sha fashewar mai a kan tudu yana iya tsagewa ko ya narke, daga nan sai a ji inji ya buga. Giya ma tana da iyakar ƙarfin da aka gina ta ta ɗauka.

Mafi muni shi ne a yi saiti don a rufe ciwo. Mota mai tsagaggen tiyo idan aka umarce ta da ƙarin matsi, turbo ne zai ninka gudu don ya cike abin da ke zuba, har ya hallaka kansa. Wasu ma lambar gargaɗin suke kashewa a cikin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. A ganina, wanda ya nace sai ya yi saiti, to ya fara tabbatar da lafiyar injin, ya sa a ajiye masa ainihin lissafin kamfani don a iya mayarwa, ya kuma nemi a gwada motar a kan hanya ana kallon matsi da zafi. Mai sayen tokumbo shi ma ya tambaya, domin wasu motocin da saitinsu suke zuwa daga hannun matasan can.

Tarihi ma ya taɓa nuna haka. Ɗaya daga cikin ƙananan motoci na farko masu turbo, Oldsmobile Jetfire ta 1962 a Amurka, sai da aka yi mata wani tanki daban na ruwa da metanol don hana fetur fashewa kafin lokaci. Masu ita suka riƙa barin tankin ya ƙare, suna kukan mota ba ƙarfi, cikin shekara biyu aka daina ƙera ta.

Inda tawa ta ƙare

Wani abokin aiki ne ya kai ni wani gareji a bayan gari, inda wani dattijon bakanike yake aiki da ɗansa. Yaron ya yi karatun fasaha, yana da kwamfutar tafi-da-gidanka mai fasasshen gilashi. Da na ba shi labarin goge lambobin da aka yi, sai ya girgiza kai ya ce, "Baba, ai shaidar aka goge. Sai mun sake fita da ita." Muka hau hanyar Shandam, ni ina tuƙi, shi yana gefe da kwamfuta a cinya. Da na taka sosai ya nuna mini layi biyu a allon, na matsin da ƙwaƙwalwa ke nema da na wanda take samu, ɗaya yana hawa, ɗaya ya tsaya a rabi. Lambar P0299 ta dawo.

A gareji uban ne ya karɓi aikin. Bai kalli kwamfutar ba. Ya sa aka toshe bututun, aka hura iska, ya kwanta a kan buhu ya shiga ƙarƙashin motar yana bin tiyo da tafin hannu, yana kasa kunne irin yadda ya saba tun zamanin Fijo. Can sai ya kira ni, "Alhaji, sunkuyo ka gani." A ƙasan tiyon da ke fita daga intakula, inda ido ba ya kaiwa, kumfar sabulu tana tashi daga wata tsaga da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Da ya zare ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsunsa, ya tambaye ni wa ya zuba mini wannan, na yi shiru, domin ni na saya da hannuna.

Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci tana gudanar da horon kanikawa kan sababbin motoci, ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma tana da rassa a jihohi. Amma irin wannan haɗin na kunnen uba da kwamfutar ɗa bai yawaita ba tukuna a Lafiya, kuma mu masu motoci muna da namu laifin: muna biyan kuɗin ƙarfe ba gardama, amma in aka ce mu biya kuɗin bincike sai mu ga kamar an cuce mu, tun da ba a canza komai ba.

Tiyon kwana uku ya yi kafin ya iso daga Abuja a motar haya. Aka juye man aka zuba wanda aka rubuta a murfi, aka sa sabuwar matatar iska. Turbo ɗin da aka yanke wa hukuncin kisa a gareji na farko shi ne a cikin motar har yau, kuma na hau tudun Akwanga da shi sau da dama tun daga lokacin, ko da yake yanzu nakan bar tirela ta gama hawanta kafin in fito.